Hayin da Taswira Ta Ce Yana Kusa: Nazarin Aikin Taswirar Rigakafi a Wata Mazaɓa da ke Gefen Kaduna

## Mazaɓar da asibitinta kafin a fara

Mazaɓar tana gefen garin Kaduna, cikin unguwannin nan da suka yi ta cin gonaki har ba a gane inda gari ya tsaya da inda ƙauye ya fara. Garin ya daɗe da tsallake Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu ya kutsa cikin Igabi da Chikun, kuma duk wanda ya san Rigasa ko Mando ya san yadda ake wayar gari a ga layin gidaje ya tsiro a inda aka cire masara bara. Ba zan faɗi sunan mazaɓar ba, ko na ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin, domin mutanen da abin ya shafa suna nan a bakin aikinsu. Ni dai ina cikin masu haɗa taswirar tun daga farko.

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin sha-ka-tafi da zai riƙe lafiyar mata da yaranta. A wannan asibitin akwai incaj, da malamar rigakafi, da mai rajista, sai mata ƴan sa-kai masu shiga gida-gida.

Rigakafin yaro ba zuwa ɗaya ba ne. Akwai na ranar haihuwa, da allurar penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, a sati 6 da sati 10 da sati 14, sannan ta ƙyanda da ta shawara a wata 9. Ke nan uwa za ta goyo ɗanta ta zo aƙalla sau biyar kafin ya shekara, shi ya sa nisa yake da nauyi a wannan aiki. Ƙa'idar da ake bi wajen tsara aiki ita ce: wanda ke ƙasa da kilomita 2 daga asibiti shi zai zo da kansa, daga kilomita 2 zuwa 5 ma'aikata ne za su fita su same shi, abin da ya wuce haka sai an haɗa tawaga da abin hawa. Kuɗin mai da na fita suna bin wannan rabon ne.

Taswirar da suke aiki da ita a lokacin kwali ce a jikin bango, wadda wani ma'aikaci ya zana da maka kafin a yi masa canjin wurin aiki. Ba ta da ma'aunin nisa, rana ta ci launinta, kuma sababbin layuka da yawa ba sa cikinta. Amma wanda ya zana ta ya ja rafin da ya ratsa mazaɓar da kauri sosai, ya rubuta "damina" a gefensa. Mun ɗauki hotonta a ziyararmu ta farko, ba mu sake buɗe hoton ba sai bayan wata tara.

Tunanin kawo taswirar kwamfuta ba daga sama ya faɗo ba. Tun wajajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam a yaƙin shan inna a Arewa, aka gano ƙauyuka da rugage da taswirar hannu ta manta da su. An ga asalin nau'in shan inna, wanda ake kira na daji, karo na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Don haka da aka ce a gwada irin wannan dabara a rigakafin yau da kullum, ba wanda ya yi musu.

## Fabrairu zuwa Afrilu, shekara ta farko: taswirar ofis

Mun yi aikin a ofis cikin gari. Muka ɗauko hoton tauraron ɗan Adam, muka bi rufin gidaje muna zanawa a manhajar zana taswira ta QGIS, muka ɗora sunayen unguwanni kamar yadda suke a takardun hukuma. Daga nan muka kafa asibitin a tsakiya, muka zagaye shi da da'ira biyu, ta kilomita 2 da ta kilomita 5. Duk unguwar da ta faɗa cikin ƙaramar da'ira, kwamfuta ta sa ta a jerin masu zuwa da kansu. An zuba wannan a manhajar waya, aka raba wa ma'aikata wayoyin.

Aikin ya yi amfani nan take ta fuska ɗaya: ya fito da sababbin matsugunai biyu a bayan wata gonar kaji da ba sa cikin kwalin bango, aka sa su a jadawalin fita.

Akwai kuma wani hayi a tsallaken rafi. A miƙe, tsakaninsa da asibiti bai kai kilomita 2 ba. Hoton da muka yi aiki da shi na rani ne, rafin ya fito fari fat da yashi, har ana ganin ƴar hanyar ƙafa ta ratsa shi. Hayin ya faɗa ƙaramar da'ira, sai sunansa ya fita daga jerin wuraren da ake kai wa rigakafi, alhali a da duk wata ana zuwa musu.

A watan Afrilu aka yi horon yini ɗaya a ɗakin taro na wani otal, da majigi, yawancinsa da Turanci. Da aka gama aka ce ko akwai mai tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu. Muka rubuta a rahoto cewa ma'aikata sun karɓi tsarin.

## Yuni zuwa Satumba: abin da damina ta fito da shi

Damina a Kaduna takan kankama daga Mayu, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba. Zuwa ƙarshen Yuni rafin ya cika. Namiji mai ƙarfi zai iya tattare wando ya ratsa in an kwana biyu ba a yi ruwa ba, amma mai jego da jariri a baya ba za ta soma ba. Hanyar da ta rage ita ce a zagaya ta gada, wadda ta haura kilomita 5, kuma kuɗin acaba zuwa da dawowa ya fi ƙarfin gidaje da yawa.

Malamar rigakafi ta lura tun a Yuli. Yaran hayin da suka karɓi penta ta farko a Mayu ba su dawo ba, layukansu a rajista suka tsaya babu cikawa. Ta duba manhajar ba ta ga inda za ta rubuta wannan ba, domin ba mu bar gurbin da ma'aikaci zai ce taswira ta yi kuskure ba. Mu kuwa a ofis allonmu kore shar yake nunawa, saboda abin da yake ƙirgawa shi ne fita nawa aka tsara, nawa aka yi. Tun da ba a tsara wa hayin fita ba, babu abin da aka rasa a lissafinsa.

Wayoyin ma sun zo da nasu. Taswirar ba ta buɗewa sai da sabis, kuma a bayan gari sabis ɗin sai an ɗaga waya sama ana nema. A cikin rana ba a ganin rubutun. Sunayen sun fi komai rikita mutane: manhaja na kiran wani layi da sunan da ke takardar filaye, jama'a kuwa suna kiransa da sunan mai injin niƙan da ya fara zama a wurin. Akwai wurare uku da kowanne ake ce wa Sabuwar Unguwa, mun haɗe biyu a matsayin ɗaya. Sannan wayar tana ɗaukar sawun duk inda aka taka da ita, kuma an taɓa riƙe alawus ɗin wata ƴar sa-kai don sawunta bai fito ba, ranar da cajinta ya ƙare tun kafin azahar. Daga ranar wayoyin suka koma aljihun tebur. Ana fita da abin da aka haddace na kwalin bango, ranar Juma'a mai rajista ya zauna ya cike abin da ya samu a waya.

A tsakiyar Satumba wata tsohuwar ungozoma daga hayin ta biya acaba da kuɗinta ta zagayo ta gada. Ta shigo asibitin da baƙar leda a hannu, ta kwance ta a kan tebur, sai ga katunan rigakafin jariran da ta karɓi haihuwarsu, wasu sun jiƙe gefe ya naɗe. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi malamar ta ce: "Ƴata, laifin me muka yi muku kuka daina zuwa?"

Malamar ta ce: "Wallahi Inna ba mu muka cire ku ba, na'ura ce ta ce kuna kusa."

Incaj ne ya kira mu a waya a yammacin ranar.

## Oktoba: gyara biyu da ba su yi ba

Da hannu aka mayar da hayin cikin jadawalin fita, wannan bai ɗauki lokaci ba. Sauran matsalar kuwa muka ɗauke ta a matsayin ƙarancin horo. Aka sake tara ma'aikata, aka fassara maɓallan manhajar zuwa Hausa, aka raba batirin caji na hannu, aka ba kowa takardar tambayoyi ya faɗi ra'ayinsa. Kusan kowa ya rubuta cewa tsarin yana da kyau. Wanda ya raba takardun shi ne mai sa hannu a kan alawus ɗinsu, kuma sunan kowa na saman takardarsa. Da'irorin nan biyu kuwa ba a taɓa su ba. Bayan sati biyu wayoyin suka koma inda suke.

Gwaji na biyu taron jama'a ne a makarantar firamare, aka gayyato masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa. Mata ba su zo ba sai ƴan sa-kai uku da suka zauna a baya. Jawabai suka cinye safiya. Da aka haska taswirar a bango, abin da idon mutane ya fara kamawa shi ne jan layin da muka ja tsakanin unguwa da unguwa. Tun da aka kafa hukumar KADGIS a 2015 don rajistar filaye, mutumin Kaduna in ya ga hoton gidansa daga sama da layi a kai, takardar fili ce ke fara zuwa masa a rai, wani ma har ya tuno rusau. Masu unguwa biyu suka shiga jayayya a kan wani layin gidaje da kowannensu ke cewa nasa ne. Aka tashi ba a yi maganar rigakafi ba.

## Nuwamba zuwa Disamba: bin ma'aikata da zaman tabarma

Malamar rigakafi ce ta kawo shawarar da ta juya aikin. Ta ce kafin mu sake taɓa kwamfuta, biyu daga cikinmu su bi ta fita, su ɗauki akwatin sanyi kamar kowa. Muka yi sati uku muna bin ta.

A nan na ga yadda take tsara ranarta. Maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar ƙyanda in an haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. Saboda haka ita ba kilomita take lissafawa ba, minti take lissafawa, da adadin yaran da za ta samu a wuri ɗaya kafin ta buɗe kwalba. Ba ta taɓa ce wa ɗan acaba "arewa" ko "kudu" ba. Cewa take: ka wuce taransifoma, ka bar masallacin Juma'a a hannun dama, sai injin niƙa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a taswirarmu.

Bayan haka muka buga hoton mazaɓar a babbar takarda mai faɗin tabarma, babu da'ira, babu iyaka, babu suna. Muka nemi izinin mai unguwar hayin muka shimfiɗa ta a zaurensa bayan la'asar, muka ɗora farar leda a kai don a yi rubutu a goge. Mutum goma sha biyu ne, har da ƴan acaba biyu da mai shela.

Da farko kowa ya yi shiru yana kallo, domin ba wanda ya saba ganin unguwarsa ta saman rufi. Sai wani dattijo ya tambayi ina gabas. Muka nuna masa. Ya kama gefen takardar ya juya ta har gabas ɗinta ya daidaita da alƙiblar zauren, ya sa yatsa ya lalubo rufin masallacin Juma'a, ya ɗora marfin kwalba a kai. Daga nan baki ya buɗe. Cikin rabin awa takardar ta cika da tsakuwa da ƙwayar masara: nan burtsatse, nan makarantar allo, nan kwalbatin da ya karye. Ƴan acaba suka faɗi minti nawa kowace hanya ke ci da rani, nawa da damina, da wadda ba ta biyuwa sam in ƙasa ta jiƙa.

Na tambayi mai unguwar: "Ranka ya daɗe, ina iyakar unguwarka ta tsaya?" Ya ce: "Malam, in allura kuka zo yi, ku sa ɗigo ku rubuta suna, kowa ya san mutanensa. In kuka ja layi kun kawo wata magana." Daga ranar muka bar zana iyaka.

Zaman mata daban aka yi shi, a tsakar gidan ungozomar, mu maza muka tsaya a waje, malamar da ƴan sa-kai suka shiga da takardar. Abin da suka fito da shi ya fi na zaure yawa. Matan sun nuna mashigai biyu na rafin, da watan da kowanne ke rufewa. Sun nuna gidajen da baƙi suka sauka, waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda ƴan bindiga suna zaune a kangaye da ɗakunan aro, yaransu ba su da kati. Sun faɗi ranar da ba a samun kowa a gida don kasuwa, da rugar da ke sauka a fadama bayan girbi ta tashi da ruwan farko.

Abu ɗaya suka ƙi, maza da mata. Mun so a riƙa sa jan ɗigo a gidan da aka ƙi karɓar allura. Ƴan sa-kai suka ce su ne ke shiga gidajen nan, kuma in magana ta fita cewa ana yi wa gida alama a waya, ƙofar da suka sha wuya kafin ta buɗe za ta rufe. Wanda ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 saboda zargi ya san ba tsoron banza ba ne. Aka bar wannan bayani a bakin ƴan sa-kai da mai unguwa.

An yi irin wannan zama a unguwanni huɗu. A lokacin ne muka buɗe hoton tsohon kwalin, muka ga kalmar da aka rubuta a gefen rafin.

## Janairu zuwa Afrilu, shekara ta biyu: sabon fasali

Babban canjin shi ne cire da'irorin. Yanzu nisa ana auna shi ne ta hanyar da ƙafa ko babur ke bi, kuma kowace unguwa na da matsayi biyu, na rani da na damina. Hayin ya zama na masu zuwa da kansu daga Nuwamba zuwa Mayu, na fita daga Yuni zuwa Oktoba, kuma kasafin mai ya bi wannan.

Taswirar ta koma zaune cikin waya, tana buɗewa ko babu sabis. Sunan da jama'a ke kira shi ne a sama da manyan baƙaƙe, na takarda a ƙasa. Masallaci da coci da burtsatse da taransifoma da injin niƙa kowanne ya samu ɗan hotonsa, kuma ƴan sa-kai ne suka zaɓi hotunan, bayan sun ce wanda muka yi wa burtsatse ya fi kama da fitilar titi. Sawun waya kuma, ma'aikaciya ce ke fara ganin nata, kuma aka rubuta a takarda cewa ba za a riƙe alawus saboda shi ba. An buga taswirar a babbar takarda an manna kusa da tsohon kwalin, wanda incaj ya ce a bar shi a inda yake.

Sai gurbin gyara. Ma'aikaciya na iya dangwala wuri ta ce akwai kuskure, incaj ya tabbatar, mu mu shigar a ƙarshen wata. Sau uku aka gwada manhajar a fili kafin a tsayar da ita. A gwaji na biyu mun sa saƙon murya don wadda rubutu ke ba wuya, mata suka karɓe shi hannu biyu, amma saƙonni suka taru babu mai saurara domin ba a ɗora wa kowa wannan aikin ba. Sai da aka ba mai rajista shi, da ranar Alhamis.

Rugar ba ta shiga kwamfuta ba. Arɗonsu ya ce a halin da ake ciki ba ya son wurin kwanan iyalinsa da shanunsa ya kasance a wayar da bai san hannun da za ta faɗa ba. Aka yarda da shi. Lambarsa na wurin incaj, in sun sauka shi yake kira.

## Damina ta biyu

A Afrilu da Mayu, kafin rafi ya kawo, aka bi rajista aka nemo yaran hayin da allurarsu ta tsaya bara aka cike musu. Daga Yuni malamar ta riƙa zagayawa ta gada sau ɗaya a wata, tana zama a rumfar makarantar allo, wurin da matan suka zaɓa. Layukan hayin a rajista suka ci gaba da cika har Oktoba, in ban da Agusta, da kuɗin mai ya makara fitar ba ta yiwu ba sai a sati na biyu na Satumba. Yaran baƙin da ke kangaye sun samu kati. Wayoyin na fita aiki, ko da yake biyu sun lalace ba a maye su ba. Gyare-gyaren da ma'aikata suka turo a wannan daminar yawancinsu sababbin gidaje ne da hanyoyin da ruwa ya cinye.

## Abin da nazarin ya nuna

Taswirar farko ba ta yi ƙarya a kan nisa ba, ta auna abin da muka ce ta auna. Kuskuren namu ne: mun yanke abin da za a auna ba tare da mai ɗaukar akwatin sanyi ba, kuma muka rufe ƙofar da za ta gaya mana mun kauce. Ilimin rafin yana nan a bangon asibiti da bakin kowace mace a hayin tun kafin mu zo. Yaran da suka yi wata uku ba allura sun yi ne saboda ba mu tambaya ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Gyaran Oktoba ya faɗi ne don mun kira mutane su amince da abin da aka riga aka gama, a wurin da faɗin gaskiya zai iya taɓa abincinsu ko filinsu. Zaman Nuwamba ya yi aiki don takardar ta zo babu komai a kanta, an shimfiɗa ta a inda suke da ikon magana, an raba zaman mata da na maza, kuma abin da suka ƙi an bar shi. A ganina wannan na ƙarshen ne ya sa suka yarda da sauran. Hoton sama shi ma ya yi nasa, domin shi ya gano matsugunan bayan gonar kaji da babu wanda ya ambata.

Abin da bai warware ba shi ne wanda zai riƙe taswirar in aikinmu ya ƙare. Shigar da gyara har yanzu a hannunmu yake, ba a koya wa kowa a ƙaramar hukuma ba tukuna. Takardar bango ta riga ta tsufa, an yi sababbin layuka biyu a bayan makarantar firamare, malamar ta zana su da biro a gefe. An kuma sanar da ita cewa sunanta na cikin waɗanda za a yi wa canjin wurin aiki bayan Sallah.